Daga Kilwa zuwa Zanzibar: yadda ake haɗa ƙaramin ayari zuwa tsofaffin biranen bakin tekun Indiya

Bahaushe mutumin tudu ne. Tarihin da muka taso muna ji na raƙuma ne da jakuna, na fatake masu zuwa Gwanja ɗauko goro, na Agadas da Tarabulus. Shi ya sa ranar da na fara tsayawa cikin babban masallacin Kilwa, na ɗaga kai na ga tulluwa kusa da tulluwa, duk da dutsen murjani, sai jikina ya yi sanyi. Ashe akwai wani reshe na tarihin Musulmin Afirka da bai ratso hamada ba, iska ce ta kawo shi bisa ruwa. Ibn Batuta ya sauka a wannan tsibiri a 1331, kuma shi ne dai wanda ya yada zango a Takedda, cikin ƙasar Nijar ta yau, a 1353. Ido ɗaya ya ga ɓangarorin biyu.

Hanyar da zan shimfiɗa a nan ta kwana goma ce, duk cikin Tanzaniya: Darussalam, Bagamoyo, Kilwa da tsibiranta, sannan Zanzibar. Abin da nake so mai karatu ya riƙe tun yanzu shi ne, a wannan tafiya teku ce ke riƙe da agogo, kuma ayarin da ya yi yawa ba zai iya bin agogonta ba.

Mataki na farko: haɗa ayarin

Mutum takwas zuwa goma sha biyu, kada a wuce haka. Dalilin ba na ra'ayi ba ne. Wannan adadi ne ƙaramar bas ɗaya za ta ɗauka da jakunkunansu, shi ne kwale-kwale ɗaya zai tsallakar ba tare da an raba mutane biyu ba, kuma shi ne zai iya jin muryar jagora a lungunan Zanzibar, inda wani lungun mutum biyu ba sa jerawa sai kafaɗa ta gogi bango. In kun kai ashirin, na gaba suna sauraron bayani, na baya suna cinikin atamfa.

Fataken da sun san abin da suke yi da suka naɗa madugu. Ku ma ku naɗa naku tun a gida, mutum ɗaya wanda in an yi saɓani maganarsa ce ta ƙarshe. Ku naɗa ma'aji dabam, kada kuɗi da mulki su haɗu a hannu ɗaya. Sannan a tabbata akwai wanda Turancinsa ko Larabcinsa ya nuna sosai, domin da wuya a sami jagora mai jin Hausa a can, dole wani ya zama tafinta ga dattawan ayari.

Tun kafin kowa ya biya sisi, a zauna a faɗa wa juna gaskiya. Akwai tafiyar ƙafa cikin rana, akwai shiga ruwa har gwiwa, akwai kwana a masauki marar ƙawa a Kilwa. Wanda ya zo don hutu a bakin ruwa kawai, gara ya sani da wuri. Na ga tafiya ta yi tsami saboda rabin ayari sun zo ganin kufai, rabi sun zo sayayya.

Mataki na biyu: zaɓen wata

Iska biyu ce ta gina garuruwan nan. Ɗaya ana kiranta kaskazi da harshen Swahili, tana busowa daga arewa maso gabas tun wajen Disamba zuwa Maris, ita ce take kawo jiragen katako daga Oman da Yemen da Indiya. Ɗayar kuma kusi, daga kudu take tasowa tun Afrilu har wajen Satumba, ita ke mayar da su gida. Ɗan kasuwan da ya zo da kaskazi dole ya zauna watanni yana jiran kusi, a nan ya yi aure, a nan ya gina masallaci. Wanda ya fahimci wannan ya fahimci rabin abin da zai gani.

Kada a je daga tsakiyar Maris zuwa ƙarshen Mayu, lokacin babbar damina ce da suke kira masika. Yuni zuwa Oktoba ya fi daɗi, babu zafi sosai, sai dai a Yuli da Agusta teku takan yi tsalle, jirgin fito ya riƙa jijjiga. Ni Satumba nake zaɓa. Janairu da Fabrairu ma babu laifi, amma akwai gumi irin wanda mutumin Kano bai saba da shi ba, zafi mai laima. A duba kalandar Musulunci kuma. In tafiyar ta faɗa cikin azumi, gidajen abinci da yawa a tsohon garin Zanzibar a rufe suke da rana, kuma yawon kufai da ƙishirwa ba ƙaramin aiki ba ne.

Mataki na uku: takardu

Nan ne tafiye-tafiye da yawa ke mutuwa tun ba a fara ba. Masu fasfo na Najeriya da na Nijar suna cikin waɗanda ba a buga musu bizar Tanzaniya a filin jirgi. Sai an nema ta intanet tun daga gida, a jira amincewar hukumar shige da fice ta can, kuma jiran yakan ɗauki makonni. A fara aƙalla wata biyu kafin ranar tashi, kowa ya cike nasa a mako ɗaya, kuma kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa sai takardar kowa ta fito.

Sai katin rigakafin shawara, wanda ake tambaya a ƙofar shiga. Sai inshorar dole da gwamnatin Zanzibar ta ɗora wa baƙi tun 1 ga Oktoba 2024, dala 44 kan kowane babba, ana biya ta intanet kafin a isa. Ko da yake Zanzibar ɓangare ce ta Tanzaniya tun haɗewar 26 ga Afrilu 1964, tana da gwamnatinta, kuma za a duba fasfo a tashar jirgin ruwa kamar an shiga wata ƙasa. Kada ya kasance a ƙasan akwati.

Jirgin sama kuwa, Ethiopian Airlines na tashi daga Kano da Abuja da Legas ta Adis Ababa. Dabarar ita ce a sayi tikitin sauka a Darussalam, komawa kuma daga Zanzibar, an huta da sake tsallaka ruwa. A zo da sabbin takardun dala, domin masu canji kan ƙi tsofaffi, a canza zuwa shilin na Tanzaniya don hidimar yau da kullum. Kada a cusa kaya cikin leda, an hana ta a ƙasar tun Yunin 2019.

Mataki na huɗu: jagora

Madugu naku ne, jagora ɗan gari ne, kuma duk daɗin tafiyar a bakinsa yake. Kufai ba ya magana. In babu mai bayani, fadar sarki da garken awaki duk tarin duwatsu ne.

Ku nemi kamfanin da ke da lasisin gwamnati, ku ce ya turo hoton lasisin. Sannan ku tambaye shi abubuwan nan a rubuce: kuɗin shiga wuraren tarihi yana cikin jimillar ko a'a, wa zai biya kwale-kwale, akwai rigar ceto ta kowa da kowa, masaukin Zanzibar a cikin tsohon gari yake ko can bakin ruwa mai nisa, kuma in mutum ɗaya ya rasa biza nawa za a mayar. A ba da kafin alƙalami kawai, sauran sai an sauka.

Shawarata ita ce kada ku yarda da jagora ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Kowane gari a ɗauki ɗan garin. Na Kilwa ya san wace sa'a ruwa ke janyewa, na Zanzibar ya san ƙofar wa ake ƙwanƙwasawa a hau bene. Kuma a yi hattara da 'yan tare hanya a tashar jirgin ruwa, masu cewa su jagorori ne. Mutanen Zanzibar da kansu papasi suke ce musu, wato kaska.

Mataki na biyar: abubuwa uku da za a koya wa ayari a daren farko

Na ɗaya, alƙibla. Mu mun saba da gabas, har kalmar ta zama ɗaya a bakinmu. A wannan gaɓa Makka tana arewa sak. Na sha ganin dattijo ya shimfiɗa darduma yana fuskantar mafitar rana cikin natsuwa. A gaya wa kowa tun kafin sallar asuba ta farko.

Na biyu, agogo. Ƙasar tana gabanmu da awa biyu, wannan mai sauƙi ne. Mai wuyar shi ne, Baswahile yana fara ƙirga sa'o'i daga fitowar rana. Ƙarfe bakwai na safe shi ne saa moja, sa'a ta ɗaya. Mun taɓa yin asarar yini guda a kan wannan. Mai kwale-kwale ya ce wa ma'ajinmu saa mbili, shi kuma ya san mbili biyu ce, ya zo ya ce mana ƙarfe biyu na rana. Ashe bawan Allah takwas na safe yake nufi. Ya jira mu har ya gaji, da muka iso ruwa ya riga ya janye, jirgin na zaune bisa taɓo. Tun daga ranar, duk alkawarin lokaci sai an nuna shi a fuskar waya.

Na uku, gaisuwa. Ƙarami yana ce wa babba shikamoo, babba ya amsa marahaba. Sauran kuwa kunne zai riƙa tsinta da kansa: habari labari ne, kalamu alƙalami, sabuni sabulu, hatari haɗari, Alhamisi da Ijumaa ba sa bukatar fassara. Daga Larabci muka ɗebo, mu da su. A masallaci za a ga yawancinsu Shafi'awa ne, suna bayyana bisimilla. Akwai kuma Ibadawa, jikokin mutanen Oman, masu sakin hannu a salla kamar yadda aka saba gani a gida.

Mataki na shida: Darussalam da Bagamoyo

Kwana biyu sun isa. Darussalam ba tsohon gari ba ne, Sarki Majid na Zanzibar ne ya kafa shi a shekarun 1860. A shiga gidan tarihi na ƙasa a ga kuɗin tagulla da fasassun tangaran da aka tono a Kilwa, don ido ya san abin da zai nema.

Washegari a yi sammako zuwa Bagamoyo, kilomita kamar 70 arewa. Nan ne ayarin hauren giwa da bayi daga Ujiji, bakin tafkin Tanganyika, suke ƙare tafiyarsu, kuma nan ne hedikwatar Jamusawa kafin su koma Darussalam a 1891. A fara da kufan Kaole a kudancin garin, inda akwai masallacin ƙarni na 13 da kaburbura masu dogayen ginshiƙai. A dawo a kwana da wuri.

Mataki na bakwai: Kilwa

Yawancin kamfanoni za su ce a tsallake Kilwa, ta yi nisa. Kada ku yarda. Kilomita kusan 300 ce kudu da Darussalam, yini guda a mota, a haye kogin Rufiji ta gadar Mkapa, a sauka a Kilwa Masoko. A nan ake kwana, a nan kuma ake karɓar takardar izini kafin a tsallaka. A ba wurin kwana uku, yini ɗaya na Kilwa Kisiwani, ɗaya na Songo Mnara. Hukumar UNESCO ta sa su biyun cikin wuraren gadon duniya tun 1981.

Tsallakawa zuwa Kisiwani ba ta da nisa, ana hango tsibirin daga tasha. Duk da haka kowa ya sa rigar ceto, har wanda ya ce ya iya iyo a kududdufin unguwarsu. In mai jirgi ya ce a ƙara wasu fasinjoji, madugu ya ce a'a. Mutanen wannan gaɓa ba su manta da jirgin fiton da ya nutse tsakanin Unguja, babban tsibirin Zanzibar, da tsibirin Pemba a Satumbar 2011 saboda lodi ba.

Abin da za a fara gani daga ruwa shi ne Gereza, ganuwar da Turawan Fotugal suka fara ginawa bayan Francisco de Almeida ya ci garin a 1505, daga baya Larabawan Oman suka sake gina ta. Kada a daɗe a nan. A wuce babban masallaci tun rana ba ta take ba. A cire takalmi a tsaya tsakanin ginshiƙan, a dubi yadda bakan gizo ke ɗauke da rufin. Duk wanda ya taɓa shiga tsohon masallacin Juma'a na Zariya zai ji wani abu ya motsa a ransa, ko da yake wancan ƙasa ce da azara, wannan dutse ne da farar ƙasa. Ɓangaren arewa shi ne mafi tsufa, an faɗaɗa masallacin a ƙarni na 14 lokacin da zinariyar ƙasar Zimbabwe ke bi ta tashar jiragen ruwa ta Sofala ta faɗo hannun sarakunan Kilwa.

Daga nan sai tafiyar ƙafa zuwa Husuni Kubwa, fadar Sarki Hasan ɗan Sulaimanu, wanda Ibn Batuta ya tarar a kan mulki ya kuma yabi kyautarsa. Ɗakuna sama da ɗari ne bisa tsauni, da wurin wanka mai kusurwa takwas yana kallon teku. A sa jagora ya nuna farfajiyar da ake tara kayan fatauci, ita ce ke bayyana inda kuɗin ginin ya fito. A ɗauki ruwan sha da yawa, babu shago a hanya. Kuma a tuna akwai mutane a tsibirin har yau, da makarantar allo da masunta, ba a ɗaukar hoton kowa sai an nemi izini.

Songo Mnara ta fi nisa, kuma ita ce mai bin agogon ruwa. Jirgi ba ya kai wa ga tudu, sai an sauka an ratsa ta cikin itatuwan mikoko, masu tsiro a ruwan gishiri. Wata Hajiya a ayarinmu, mai shekara sittin da wani abu, ta tsaya a bakin jirgi tana duban ruwan. Ƙaramin cikinmu ya miƙa mata hannu ya ce, "Hajiya, ki dafa kafaɗata, a hankali za mu je." Ta tattare zanenta ta ce, "To ɗan nan, bismillah." Da muka fito cikin garin, ga gidaje sama da talatin da masallatai, bangaye a tsaye, matakala a tsaye, babu kowa sai kukan tsuntsaye, ita ce ta fara gano mihirabi ta kira mu. Don haka a zo da takalmin roba mai ɗauri, silifas taɓo ke cinye shi.

Mataki na takwas: Zanzibar

A koma Darussalam a kwana, a hau jirgin fito na safe, tafiyar kamar awa biyu. Na safe ya fi kwanciyar ruwa. Mai saurin jiri ya sha magani tun kafin a tashi, ya zauna ta baya, ya tauna citta. A sayi tikiti a ofishin kamfanin jirgin kawai.

A sauka a cikin tsohon garin, Mji Mkongwe, ko da ɗakin bai kai na bakin ruwa kyau ba. Wanda ya kwana a ciki shi ke jin kiran salla daga masallatai barkatai a lokaci ɗaya, shi ke ganin dattawa a kan dakali, baraza a bakinsu, suna shan gahawa da sassafe. Bayan mutanen Oman sun kori Fotugal a 1698, sai Sayyid Sa'id ya mayar da fadarsa daga Maskat zuwa nan wajen 1840, ya cika tsibirin da gonakin kanumfari. Yawancin manyan gidajen da za a gani na ƙarni na 19 ne.

Yinin farko na ƙafa ne: tsohuwar ganuwa, kasuwar Darajani, da Baitul Aja'ib da Sarki Bargash ya gina a 1883, wanda wani sashensa ya rufta a Disambar 2020. A ce wa jagora ya rage gudu a wajen ƙofofi. Masu kusurwa huɗu, da aya sassaƙe a goshinsu, su ne salon da ya fi tsufa. Masu kan baka da ƙusoshin tagulla salon Indiya ne.

Sai Mkunazini, inda kasuwar bayi take har aka rufe ta a 1873, aka gina majami'a a wurin. Wasu kan so su tsallake saboda coci ne. Ni ina ganin bai kamata ba. Kanumfarin da ya gina benayen nan bayi ne suka noma shi, kuma cikin manyan masu cinikin akwai Musulmi irin su Hamad bin Muhammad, wanda aka fi sani da Tippu Tip, da ya rasu a 1905, gidansa na nan cikin gari. Mu ma kasuwar Kurmi ta ga irin wannan ciniki. A shiga a karanta bayanan da ke bango, a ba mutane lokaci su yi shiru, kada a haɗa wannan ziyara da sayayya a sa'a ɗaya.

Yini na biyu a fita kudu zuwa Kizimkazi. Masallacin ƙarami ne, rufin kwano, ba zai burge kowa daga waje ba. Amma a jikin bangon alƙibla akwai rubutun Kufi mai ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107. A sa mai Larabcin ayari ya gwada karantawa. A hanyar dawowa a biya gonar kayan ƙamshi, a ga kirfa tana ɓawon itace, masoro yana nannaɗe da bishiya, kanumfari yana ɗanye ja. Tsibirin Changuu mai manyan kunkuru rabin yini ne, in akwai yara a je, in babu ana iya bari.

Abinci ba matsala, kusan duk na halal ne a tsohon gari. Shinkafar pilau da biriyani za su karɓi kowa, ugali kuwa tuwon masara ne. Sai dai kwakwa na cikin kusan kowace miya, kuma yajinsu bai kai namu ba, a zo da ƙullin yaji daga gida. Da daddare a lambun Forodhani, a ci abin da aka gasa a gaban ido kawai, a tambayi kuɗi kafin a ɗora a wuta.

Mataki na tara: daren ƙarshe

Ma'aji ya karanta lissafi a gaban kowa, a raba abin da ya rage. Tukuicin jagora da direba a haɗa shi cikin ambulan ɗaya, madugu ya miƙa da sunan ayari. Tsarabar kanumfari da kirfa a saye ta a Darajani da awo, ta fi ta shagunan baƙi araha, a naɗe ta cikin takarda a sa a babban akwati. Filin jirgin Abeid Amani Karume bai da nisa da gari, amma mota ba ta shiga lungu, don haka a yi magana da masu kura tun da dare su zo su fitar da kaya zuwa bakin titi, kuma a nuna musu lokacin a fuskar waya.